Ɗumin Jikin Inna Mai Hanji

Kafin rana ta ɗaga, Inna Mai Hanji ta riga ta zauna a bayan mayanka tana wankin hanjin tumaki. Takan bi hanjin da yatsa a hankali. In ta ji tsila, doguwar farar tsutsar nan mai gaɓa-gaɓa, sai ta zare ta ba tare da ta tsinke ba, ta sa a kwalbar ruwan gishiri mai ɗumi. Daga nan ta cusa kwalbar cikin zani, ta manna ta da fatar cikinta, ta hau mota zuwa jami'a. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki.

Wanda take kai wa, Dakta ne mai binciken tsutsar ciki. Tsila ba ta da baki, ta fata take tsotsar sukari, wasu sinadarai a jikinta su mayar mata da shi ƙarfi. Burin Dakta ya sami maganin da zai toshe ɗaya daga cikinsu, yunwa ta kashe tsutsar, mai ita bai ji komai ba. Gwajin kuwa ba ya yiwuwa sai da tsutsa mai rai.

Akwai abin da Dakta ya binne a ransa shekara goma sha ɗaya. Wata safiya yana tare da manyan baƙi, Inna ta shigo, ta juya baya, ta zaro kwalba daga zani. Kunya ta kama shi, ya huce a kanta.

"Haba Inna, wannan ai ƙazanta ce! Daga gobe a akwatin ƙanƙara za ki riƙa kawowa."

Ta koma kawowa a ƙanƙara. Cikin wata guda, duk tsutsar da ya ɗiga wa sabon maganinsa sai ta daina shan sukari. Murna ta hana shi ware wasu ba magani don kwatantawa, abin da yake karantar da 'yan aji ɗaya. Har ya fara rubuta takardar da zai aika wa duniya. Inna ce ta leƙa tasar gwaji, ta ce, "Ɗana, waɗannan fa tun a hanya suke sandarewa. Zuba wa wasu ruwa zalla mu gani." Ya zuba. Su ma ba su sha sukarin ba. Ashe sanyi ne ya yi aikin, maganin bai taɓuka komai ba.

A taron malamai, Dakta ya miƙe ya ce shi ya gano kuskuren da kansa. Aka yaba masa da tsantseni. Inna kuwa ta koma ga zaninta, ba wanda ya ce mata sannu.

Ke ce, Inna, kika rufa wa mai digiri uku asiri, kika tafi ko waiwaye babu. Ɗalibai sun shaida ranar da mota ta lalace, kika ƙarasa da ƙafa cikin ruwan sama, kin jiƙe sharkaf amma kwalbar da ɗuminta. Mahauta sun shaida ba kya barin a jefa wa karnuka hanji mai tsutsa. Mai hannun da ba ya tsinka tsila!

Makon jiya gwiwa ta sa ta ajiye aiki, aka shirya mata ɗan taron sallama a ɗakin bincike. Dakta ya san in ta fita ƙofar nan bai faɗa ba, ba zai ƙara faɗa ba. Ya ja ta gefe kusa da famfo, ya sunkuya ya yi mata raɗa, don a gama tsakaninsu.

Ta ce, "Me ka ce?" Kunnen Inna ya yi nauyi, shi bai ma lura ba.

Ya maimaita.

"Ɗaga murya, ɗana, ba na ji!"

Kowa a ɗakin ya juyo yana kallonsu. Ya dubi ɗalibansa da abokan aikinsa, ya buɗe murya: "Na ce ƙarya na yi! Ke kika gano kuskuren nan, na ce ni ne! Ki yafe mini!"

Inna ta gyara ɗankwali, ta ce, "Wannan? Ai tun a ranar mai shara ta ba ni labari. Na yafe tuntuni. Nauyin ne dai na ga kana ta fama da shi, na ce bari ka sauke da kanka."

Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Masu aiki su koyi riƙon amana a wurinki. Duk kuma wanda ke da irin Inna a ƙofar ofishinsa, ya je ya faɗa mata gaskiya yau, tun tana jin raɗa.