Laujen da Na Wasa Domin Ayuba

Ƙannena matasa, ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda na cuta sun san shi, kuma sun isa. An haife ni a wani ƙauye kusa da Burumburum, a gidan Kirista. Mahaifina manomi ne, mahaifiyata tana cikin zumuntar mata. Ni kuwa noma bai taɓa shiga raina ba. Abin da ya cika mini kai shi ne 'yan littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Tudun Wada. A cikinsu saurayi kullum yana da farar shadda da turare, budurwa kuma takan jira shi ko shekara goma ce. Na ɗauka haka duniya take.

Akwai wata yarinya, Rahila, cikin mawaƙan majami'armu. In ta ɗaga murya ranar Lahadi, sai in ji kamar ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Akwai kuma abokina Ayuba, wanda muka yi kiwon awaki tare. Shi nake ba wasiƙuna ya kai mata, domin ni da na tsaya gabanta harshena sai ya ɗaure.

Na sami aiki a shagon takin zamani. A nan na fara. Kwano ɗaya nake ɗiba daga kowane buhu, in sa basilla in ɗinke bakinsa. Da na ga babu wanda ya lura, sai na koma cike gurbin da yashi da gishiri. Kafin damina biyu na buɗe nawa wurin, ina sayar da buhun da rabinsa ba taki ba ne, daga Kiru har Doguwa. Na sayi shaddar, na sayi turaren, na saya wa Rahila atamfa mai ruwan ganye.

Wata rana Ayuba ya tarar da ni ina haɗi. Ya ce, "Kai, wannan abincin mutane kake binnewa." Na ce masa, "Fasto, in ka gama wa'azi miƙo mini basilla." Ya fita bai yi dariya ba.

A shekarar masara ta yi ruwan ɗorawa ta tsaya iya gwiwa a gonaki da yawa. Manoma suka kai ƙara. Da aka nemi shaida a kotu, Ayuba ne ya miƙe. Ya faɗi yashin, ya faɗi gishirin, har inda nake ɓoye buhunan. Aka ɗaure ni shekara uku. Ban cika shekara guda ba mahaifiyata ta zo ziyara, ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce, "An ɗaura auren Rahila da Ayuba."

Daga ranar ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Kowace safiya in an fito da mu shara, sai na kashe Ayuba sau ɗaya a zuciyata kafin in ɗauki tsintsiya. Na tsara abin daki-daki, kamar babin ƙarshe na littafi. Zai durƙusa, zai kama ƙafata yana kuka, Rahila tana kallo, ni kuma ba zan ko ƙifta ido ba. Ban so ya mutu da sauri ba. Na so ya san hannun da ya taɓa shi.

Akwai wani dattijon majami'armu, Baba Ishaku, da yake zuwa gidan yarin ƙarshen kowane wata da gari da ƙuli-ƙuli, ya yi mana karatu da addu'a. Na lissafa cewa wanda aka ɗauka ya tuba babu mai sa masa ido in ya fita. Saboda haka na zama na gaba a sujada. Na haddace ayoyi, na iya addu'ar da take sa 'yan fursuna hawaye. Wata rana Baba Ishaku ya dube ni ya ce, "Ɗana, bakinka ya tuba, amma idonka bai ji labari ba." Na sunkuyar da kai na ce, "A ci gaba da yi mini addu'a, Baba." A zuciyata kuwa na ce tsohon nan ya cika sa ido.

An sake ni da kaka. Mahaifina ya ce ba zan kwana a gidansa ba, sai Baba Ishaku ya ba ni ɗakin zaure. Abin da na fara saya shi ne lauje. Lokacin yankan shinkafa ne, ba wanda zai tambayi mai lauje inda za shi. Kullum da hantsi ina bayan rumbu ina goga shi a dutse, har ya kai yana aske gashin hannuna.

Rana ta biyar Baba Ishaku ya tsaya a kaina ya ce, "Ikon Allah! Mutum ba shi da gona ko ta taku goma, ga lauje kamar na wanzami." Na ci gaba da goga laujen. Ya ce, "Tashi ka biyo ni, akwai gayya. Ayuba ya faɗi a acaɓa ya karye a cinya, shinkafarsa tana zubewa a fadama."

Wani daɗi mai ɗaci ya cika mini ƙirji. Ga shi an kawo mini shi, ba ya ko iya gudu. A hanya na ce, "Baba, kun san wanda kuke kaiwa?" Ya ce, "Na sani. Shekara biyu kana yi wa Yesu waƙa. Waƙa ba wuya. Almajirinsa shi ne wanda yake sa ƙafa inda ya sa tasa. Yau gonar Ayuba ya nufa. Ko ka bi shi, ko ka bi wancan da kake bi, amma ka zaɓa da rana tsaka, ido na ganin ido."

Mun tarar da mutum kusan ashirin, 'yan majami'a da maƙwabtanmu Musulmi, ana kaɗa ganga. Wani Bafulatani, Malam Buba, wanda takina ya taɓa kashe wa masara, ya hango ni ya ce, "A'a, mai gishiri ya dawo! Jama'a, kowa ya riƙe buhunsa!" Aka fashe da dariya. Na ji kamar in fara da shi.

Baba Ishaku da kansa ya raba aiki. Ya ba ni gefen gabas ni kaɗai, inda shinkafar ta ƙare a gindin wata tsamiya. A ƙarƙashinta Ayuba yake kwance a tabarma, ƙafarsa a ɗaure da karan ɗori. Sauran mutane suka nausa yamma, gangar tana nisa.

Na fara yanka. Kowane damƙi na kama, wuyansa nake gani. Na yi ta matsowa har inuwar tsamiyar ta rufe ni. Na miƙe da laujen a hannu. Ayuba ya dube ni, ya dubi laujen. Ya rame. Na jira ya kama ƙafata.

Ya ce, "Sannu da zuwa. Na san abin da ya kawo ka. Shaidar da na bayar, ko gobe aka sake tambayata zan maimaita. Laifina gare ka ɗaya ne. Tun ina kai mata wasiƙunka nake son ta, ban gaya maka ba. Da za mu yi aure ma ban iya zuwa na dube ka ba. Wannan na roƙi gafararka. Wancan ba zan roƙa ba."

Ba haka na rubuta babin ba. Na ƙara damƙe ƙotar laujen. Sai na ji murya a bayana, muryar da na kwana da ita shekara uku. Rahila ce, da ƙwaryar kunu, da goyo. Ta ajiye ƙwaryar ta shiga tsakaninmu.

Ta ce, "Ka tuna atamfa mai ruwan ganye? Buhu huɗu na taki babana ya saya a wurinka, domin yana ganin kai surukinsa ne. A shekarar dusa muka ci. Ya tafi cirani da tsufansa, ya dawo da tarin da ya kashe shi. Ni da yunwar gidanmu na yi kwalliya ban sani ba. Kai ne kake bin wani fansa?"

Wallahi, ƙannena, shekara uku ina auna ko zan yafe wa Ayuba ko ba zan yafe ba, ban taɓa tunanin cewa ni ma akwai ƙofar da ya kamata in durƙusa ba. Na san babanta ya rasu. Ban taɓa tambayar me ya kashe shi ba. A wannan lokacin na ga kaina yadda Yesu yake ganina tun farko, ɓarawo mai jini a hannu, wanda duk da haka aka ce masa ya biyo.

Durƙuson da na tanadar wa Ayuba ni na yi shi, a cikin taɓo. Na ce, "Rahila, ki gafarce ni." Ta ce, "Ba yau ba. Ina roƙon Allah ya ba ni iko, amma ba yau ba." Ayuba ya ce, "To, tunda ka wasa shi haka, ƙarasa mini gefen nan kafin tsuntsaye su riga ka." Na tashi na koma cikin shinkafar, ina yanka ina kuka har la'asar. Baba Ishaku bai ce mini komai ba sai, "Gobe akwai bugun shinkafa, ka fito da wuri." Daga baya na ji cewa tun da na doshi tsamiyar yana tsaye a bayan wani suri kusa da mu, da sanda a hannu, yana addu'a.

Bayan shekara guda aka yi mini baftisma a rafi. Na bi gidajen da na iya tunawa, har rugar Malam Buba, na faɗi abin da na yi. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa. Rahila sai a kaka ta uku ta miƙo mini kunu da hannunta.

Kada ku ɗauka wutar ta mutu gaba ɗaya. Har yau in na gan su suna tafiya majami'a da 'ya'yansu, wata murya takan taso mini a zuciya. Bambancin shi ne yanzu na san muryar wane ne, kuma ba na bin ta.

Ku ji tsoron kwano ɗaya, domin daga shi na fara. Kada ku saya wa wadda kuke so kaya da hawayen wasu. In kuma wani ya ɓata muku har kuna wasa ƙarfe dominsa, ku tsaya ku ƙirga ƙofofin da ku ma ya kamata ku durƙusa. Laujen yana nan a rataye a ɗakina. Ina wasa shi duk kaka, kuma gonar Ayuba yake fara shiga kafin tawa.