Tsinkayen Mahaifina da Kashin Raƙumi

Shekarun baya, ba a daɗe da sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu ba, lokacin da gyaɗa ke da faɗa a ji a ƙasar Tasawa, na yi wani aiki wanda har yau gwamnati ba ta ba ni lambar girma a kansa ba. Ina nan ina jira. Kafin su tuna da ni, bari in ba ku labarin, ku masu dangwalar waya, don kada ku ɗauka ku kuka fara wasa a duniya.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Kona. Na yi lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu, sai mushe, malaminmu, ya ce kaina ya cika, in koma gida kada ya fashe. Haka nake gaya wa mutane. Gaskiyar magana, dara ce ta kore ni, don ya fi samuna gindin gawo bisa ga cikin aji.

Wanda bai san dara ba, ga ta: gurbi talatin ake tonawa a ƙasa, kowa da ƴaƴa goma sha biyu. A zuba su ɗaya-ɗaya, sannan a riƙa gusawa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. Mutum ɗaya na wasa da tsinkaye, ɗayan da busasshen kashin raƙumi. A wajenmu tsinke na gwani ne, mai wuri. Kashi na baƙo ne da ɗan koyo.

Mahaifina shi ne mai tsinke a garinmu. Nashi na icen kanya ne, baƙaƙe wuluk, sun sha hannu har suna ƙyalli, kuma gadon kakana ne. To akwai wata ƙa'ida da muka tarar: in baƙo ya ci mai tsinke sau uku a gindin itacensa, da tsinkayen yake tafiya. Wanda aka ci ba ya zuwa biɗa da kansa, sai ɗansa ko ƙanensa, kuma zuwa ɗaya tak gidan ke da shi. In ɗan gidan ya faɗi, shi ke nan, sun zama na wancan har abada.

Wata kaka wani direban kamiyo, babbar motar kaya, daga Mayahi ya zo ɗaukar gyaɗa. Ƙato ne, mai baki, da baƙin tabarau wanda aka ce ko alwala zai yi sai ya juya baya yake cirewa. Ana loda mashi buhuna, ya zauna gindin gawonmu wai ya rage lokaci. Kafin a ɗaure tampol ya ci mahaifina sau uku. Ya tattara tsinkayen, ya ɗaure su da zare, ya rataye gaban mota kusa da madubi, ya danna oda har sau uku yana fita gari.

Mahaifina bai daina zuwa gindin gawo ba. Shekara guda cur yana wasa da kashin raƙumi, tsaransa na tambayarsa ko yanzu kiwo ya koma. Ba ya tankawa. Amma mahaifiyata ta ce mani tun ranar bai ƙara cinye tuwonsa ba, kuma ta kama shi yana laluba aljihun da tsinkayen ke zama.

Da kaka ta zagayo na ce ni zan tafi. Shekaruna wajen ashirin, kuma ina da makami: tsohon kayena na lakwal, littafin da muke rubutu a ciki. Na zana gurabe talatin a ciki, na ba kowane lamba da Faransanci, na rubuta dabaru shafi shida. Na kai wa mahaifina ya gani. Ya riƙe kayen a kife, ya daɗe yana dubawa, ya ce lalle an yi ƙoƙari. Sannan ya ciro wani ƙunshin tsumma ya miƙa mani.

"Ka yi wasa da waɗannan. Kuma in tonon gurbi ya faɗo kanka, kada ka yi ƙyuya."

Na buɗe a hanya, sai na ga kashin raƙumi ne tsoho, ƙanana, rana ta cinye su har sun yi fari-fari. Raina ya ɓaci. Na ce tsohon nan ko albarka bai tsaya sa mani da kyau ba, sai shara. Na cusa a aljihu don dai kada in jefar da abin uba.

Keken abokina na ara. Zan so in ce na hau shi har Mayahi, amma Allah na gani: rairayin hanyar nan ya sa rabi ni na hau keke, rabi keke ya hau ni.

Na iso ranar kasuwa, bayan azahar. Na sami direba gindin wata tsamiya mai duhun inuwa kusa da inda ake awon gyaɗa, mutane sun kewaye shi. Na yi sallama, na faɗi ɗan wanda nake da abin da ya kawo ni. Ya dube ni ta cikin tabarau, ya dubi kayen da ke hammatata.

"Ɗan lakwal ne suka turo? To samari, ka zo da lissafi ko ka zo da kuka?"

Aka kwashe da dariya. Ya sa aka kwanto tsinkayen mahaifina daga mota, da su zai yi wasa. Aka debo mani kashi daga wajen masu raƙuma, manya, baƙaƙe, kowane kamar dabino. Aka ce wanda ya riga kai uku shi ke da kaya.

Wasan farko na bi shafi na ɗaya. Ashe direba bai karanta kayena ba, don bai sa ɗansa ko sau ɗaya inda na rubuta zai sa ba. Ya cinye ni yana ba wani labarin hanyar Kano. Wasa na biyu na bi shafi na huɗu, wanda na fi ji da shi. Wannan ma bai gama ɓare goronsa ba aka gama. Wani tsoho a gefe ya ce in ina so ya riƙe mani littafin, ko hannuna zai yi sauƙi.

Saura ɗaya tsinkayen kakana su zama ƴan Mayahi. A zuci na ga fuskar mahaifina, na ga kwanon tuwon da ake mayarwa da saura.

Wanda ya faɗi shi ke share wuri ya sake tonon gurabe. Ina durƙushe ina tono, ƙunshin nan ya tokare mani cinya, sai maganar tsoho ta dawo mani. Na ajiye kaye, na zauna a kansa, wanda shi ne amfani mafi girma da ya yi mani a rayuwa. Na tona gurabe masu zurfi har gaɓar yatsa biyu. Na ce zan canza ƴaƴa, na kwance ƙunshin mahaifina. Direba ya ce ko na giwa zan kawo, in kawo.

Ina sa na farko na gane. Ɗan ƙaramin kashin nan ya shige gurbi ya kwanta, launinsa da na ƙasa ɗaya. Tsinke kuwa tsaye yake, ana hango shi daga bakin kasuwa. Ga inuwar tsamiya, ga baƙin tabarau, ga mutum rabin hankalinsa na wajen masu yi mashi dariya. Shekara guda mahaifina na zaune da kashi a hannu, ashe ba baƙin ciki kaɗai yake yi ba, karatu yake.

Kada wani ya ce na yi maguɗi. Ban rufe komai ba, ban motsa ɗa a ɓoye ba. Duk mai ido a wurin yana ganin ƴaƴana. Mutum ɗaya ne ya zaɓi ya zauna cikin duhu da rana.

Na ci na uku. Ya ce sa'a ce. Yanzu tono ya koma kansa, amma girman kai bai bar shi ya durƙusa ba, ya ce a bar guraben yadda suke. Na ci na huɗu: sau biyu yana kai tsinke gurbin da ɗana ke kwance, yana janye hannu kamar ya taɓa kunama. Labarin Kano ya tsaya. Kasuwa ta fara baro awo tana tahowa.

Kafin wasa na biyar ya kai hannu ya cire tabarau. Wata mai fura ta leƙo ta ce, "Ashe idanun nashi ƙanana ne." Wurin ya ɗauki dariya, wannan karon ba ni ake wa ba.

Yanzu yana gani sarai, kuma na rantse gwani ne. Muka ci juna har kowa ya rage da biyar. Sai na samu abin da muke kira doki, wato jerin da in ka gusa ɗa ɗaya gaba ka ci, ka dawo da shi baya ka ci. Na hau dokin nan ban sauka ba sai da ƙasa ta koma babu tsinke tsaye.

Ya tattara su da kansa, ya goge kowane da bakin rigarsa, ya ba ni da hannu biyu. "Ka gaida tsoho. Ka ce mashi na ji saƙo." Washegari shi ya ɗora ni da keke bisa kamiyo har Tasawa.

Abin da na koya? In tsoho ya ba ka abu a tsumma, ka buɗe shi da ladabi. Kuma wanda aka ƙasƙantar ya yi shiru, kada ka ɗauka barci yake.

Da na isa gida mahaifina na gindin gawo. Ya shafa tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, ya aika a ce wa mahaifiyata ta ƙara tuwo. Ni kuwa na tsaya ina jiran yabo, ƙirji a gaba. Sai ya turo mani tsinkayen, ya ce ai yanzu ni ne gwani, in zauna. Ya karɓi ƙunshinsa, ya tona gurabe da kansa.

Sau uku ya cinye ni, kuma ba tabarau a idona.