Neman Inda Aka Binne Cibiyata

Ƙarfe goma daidai na safe aka taru a ƙofar cocin wani ƙauye a Ingila. Akwai ni, akwai 'yata da take aikin jinya a Ingila, akwai jikokina, sai mutanen ƙauyen, waɗanda duk taronsu bai kai na ɗaurin aure ɗaya a Fagge ba. Aka miƙa wa kowa doguwar tsumagiya.

Ƙauyen ƙarami ne. Coci na dutse, maƙabarta a jikinsa, kanti ɗaya, sai gonaki da tumaki. Al'adarsu ce su zagaye iyakar ƙauyen da ƙafa. Wani dattijo mai dogara sanda shi ne ja-gaba. Aka fara da wani dutse da gansakuka ta rufe. Dattijon ya faɗi sunan dutsen, ya faɗi gonar wa take nan a zamanin kakanni, sannan yara suka rufe dutsen da duka. Daga nan sai wata tsohuwar bishiya, daga ita sai gadar rafi. 'Yata ta ce ana dukan ne don kada yaro ya manta wurin, kuma a da yaron ma ake tsula wa.

Na ce, "Wannan ya fi tsari."

Ta ce, "Baba, yanzu in ka gwada sai a kira maka 'yan sanda."

A hanyar komawa dattijon ya tambaye ni, tana fassarawa, wace alama ce a wurin da aka haife ni.

Mahaifinmu lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Kano. A wani gidan ƙasa aka haife ni, tsakanin tasha da Sabon Gari, kuma a bayan ɗakin Inna aka binne cibiyata, kamar yadda ake yi wa kowane jariri. Aka rushe gidajen ina ɗan yaye, muka koma Kwaciri. Ban san wurin ba. Mutum ɗaya ya rage a gidanmu da ya san shi, yayana, shi kuma mantuwa ta fara taɓa shi. Na dawo Kano da niyyar in sa ƙafata a wurin nan tun yana iya nuna mini.

Na tsara abin. Da farko na lallashi Yaya ya yarda ya fito. Sannan na nemo abokinsa na ƙuruciya, wani Ibo mai sayar da fitilu a Kasuwar Sabon Gari, wanda aka haifa a gidan da yake jikin namu. Hausarsa ta fi tawa. Muka haɗu a bakin tasha da hantsi.

Yana ganin Yaya ya ce, "Tsohon banza, ashe har yanzu kana nan?"

Yaya ya ce, "Kai nake jira ka yi gaba ka share mini hanya."

"Ni da nake da sauran haƙori? Buɗe bakinka mu gani."

Na yi murna da Yaya ya gane shi. Muka kama hanya.

Kwatancen Yaya shi ne a miƙe daga tasha har tsamiya, a karya hagu. Muka miƙe. Babu tsamiya. Benaye ne jere, ƙasa shaguna, sama shaguna, a-daidaita-sahu na ta danna mana ham. Abokin ya ce a bar zancen tsamiya, a nemi famfon da mata suke layi, don daga ƙofar gidansu ana jiyo faɗansu. Na tambayi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa jin an yi famfo a wurin.

Muna cikin wani lungu sai Yaya ya tsaya cak a gaban shagon gyaran waya. Ya ce, "Nan ne." Ya tuɓe takalmansa a bakin kwata, ya gyara hula, ya yi sallama. Mai shagon ya amsa, ya ce, "Baba, gyara ne ko caji?"

Yaya ya ce, "Ka ce wa Inna mun dawo."

Mai shagon ya dube ni. Na yi masa alama, ya fito da benci. Yaya ya zauna yana jira.

Abokin ya ja ni gefe. Ya ce, "Ba nan ba ne. Daga gidanku ana hango jirgi in ya taso. Nan ya yi gabas da yawa."

Na ce, "To nuna mini."

Ya shiga gaba, muka ƙetare layi, muka shiga wani lungun. Ya tsaya, ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗaga kai yana neman rana, benaye sun tare ta. Ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Ɗan'uwa, na ɗauka zan gane. Kullum ina wucewa ta nan zuwa kasuwa, ban taɓa tsayawa na duba ba."

Muka koma wajen Yaya. Ya ƙi tashi, ya ce ba a buɗe masa ba. Sai da abokin ya durƙusa ya ce masa Inna ta tafi unguwa, ta ce a dawo gobe, sannan ya yarda na sa masa takalma.

Yaya bai sake fita ba. Da damina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abokin kuwa 'ya'yansa suka ɗauke shi suka koma kudu da shi, saboda ciwon ƙafa. Suka bar ni da lungu biyu, ɗaya na mai mantuwa, ɗaya na mai kokwanto. Ni kuma ba na aiki da zato.

Saboda haka ga roƙona. In kana da tsoho ko tsohuwa da suka zauna a gidajen leburorin jirgi tsakanin tasha da kasuwa, ka tambaye su yau inda tsamiya da famfo suke. In sun tuna, ka shigo Kwaciri bayan la'asar ka tambayi tsohon da yake neman tsamiya, za a nuna maka ni. Kada ka kawo mini kwatance da baki. Ka zo da tsohon, ni zan nemo abin hawa.