Ƙegen da Ya Daina Kuka

Ni 'yar Damagaram ce, ruwan da na sani tun tasowata shi ne na cikin tulu. Mijina kuwa mutumin Gaya ne, a bakin kogi aka haife shi, gidansu masassaƙan jirgin ruwa ne tun kakanni. Da muka zo Greensboro, nan ƙasar Turawa, ya samu aiki a wani kamfanin kujeru, yana goge ƙafafun tebur, na yi hamdala a raina, don garin nan ba teku, ba wani kogin kirki. Na ɗauka mun rabu da ruwa ke nan. Ashe 'yarmu ta fari ce za ta jawo mana shi har cikin gareji.

Jami'a ta samu a wani gari na bakin teku, tafiyar asuba zuwa hantsi daga gidanmu na McLeansville da ke gefen Greensboro. Hutun farko ta dawo da wani dogon allo ɗaure a saman mota. Wai a kansa ake tsayawa, igiyar ruwa ta ɗauko mutum ta kawo shi gaɓa. Na ce mata wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Ta ce, "Mama, it's just a sport," ta wuce ta bar ni da baki buɗe.

Uban bai tanka ba. Dama ba mai hira da ita ba ne. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, sai dai "ke" ko "yarinya". Ita kuma da ta tashi a nan ba ta san kunya ce ba, ta ɗauka bai damu da ita ba ne, kuma na yi bayani har na gaji. Ran nan sai ya zagaya allon, ya kifa shi, ya ga wani abu na roba mai lanƙwasa a maƙale a ƙasansa ta baya.

"Wannan ai ƙege ne," in ji shi, "irin na bayan kifi."

Yarinyar ta ce da ƙegen ake juyawa, shi ne kuma ke hana allon zamewa. Ya matsa shi da babban yatsa, ya yi tsaki. Ya ce wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe kifi a hannu ba.

Daga ranar gareji ya zama wurinsa. Yana kwaso ragowar katako daga wurin aiki, ya sassaƙa, ya goge da samfefa, ya shafe da wani danƙo mai warin da ke hawa kai. Ƙegen farko dogo ya yi shi, miƙaƙƙe. Ta tafi da shi, ta bugo waya ta ce yana tafiya sak amma ya ƙi juyawa, kamar jakin da ya ga hanyar gida. Na biyu gajere ne mai faɗi, ya ce irin na kifin karfasa ne. Wannan ya juya har ya wuce misali, gindin allon ya riƙa zamewa yana kayar da ita. Har kantin da muke sayen busasshen kifi a titin Gate City Boulevard ya bi ni, ba don ya taya ni ɗaukar kaya ba, don ya tsaya yana jujjuya kifin mutane yana duba bayansu. Mai kantin ta tambaye ni ko lafiya, na ce da sauƙi dai.

Na uku ne ya dace. Ya kwanta baya, gindinsa da kauri, kansa siriri yana ɗan lanƙwasawa. Ta ce in yana jiki, allon kamar ya san abin da take so kafin ta motsa. Suka koma yin waya kullum, ita da Turanci, shi da Hausa, kuma suna fahimtar juna sarai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don ban taɓa ganin su haka ba. Amma duk lokacin da na ji tana ba shi labarin girman igiyar da ta hau, sai in hau yi mata addu'a. Ita kaɗai ce mace a 'ya'yana, kuma ko wanka a baho ban yarda da shi ba.

Wata Lahadi da la'asar ta bugo tana dariya. Ta ce ƙegen yana kuka. In igiya ta ɗauke ta da gudu, sai ya fara wani amo ƙasa-ƙasa, har a tafin ƙafarta take jin sa. Ƙawayenta sun ce ba komai ba ne, bakinsa na baya ne ya yi kauri, a ɗan goge shi kawai. Ina kallon mijina fuskarsa ta sauya. Da ya ajiye wayar ya ce a gidansu, in aka saka sabon jirgi a ruwa aka ji yana kuka, a ranar ake fito da shi a faskara a yi makamashi. Ruwa ne ke kiran mai shi.

Na ce, "To Malam, me muke jira? A ƙone shi."

Ya ce, "Tana son sa. Kukan zan cire."

Da ta zo ƙarshen mako ya goge bakin. Ta koma ta ce ya ragu amma da saura. Ya sake gogewa. Haka suka yi ta yi har damina ta kusa fita, tana kawowa yana ragewa. Hannun masassaƙi kuwa bai san a tsaya a tsakiya ba. Mutumin da aka koya masa tun yana yaro cewa barin gizago da dakushi abin kunya ne, sai na gan shi yana gwada bakin ƙegen a kan farcensa, daga baya a kan gashin hannunsa. Wata safiya na shiga share garejin, na ɗauke shi daga kan tebur da tsumma. Ya ratsa tsumman ya shiga tafina, ban ma ji zafi ba sai da na ga jini yana ɗiga a siminti.

Ranar na yi masa tas. Na ce wuƙa ya ɗaura wa 'yata a ƙarƙashin ƙafa. Ya ɗaure mini hannun a natse, ya ce, "Haba, abin da yake can ƙasan ruwa, ita tana sama, me zai haɗa su? Kin taɓa ganin ƙasan jirgi ya taɓa matuƙi?" Ni me na sani. Na faɗa wa yarinyar, ta ce, "It's fine, Mama." Ta kuma ce kukan ya ɗauke gaba ɗaya, mu zo mu gani da idonmu.

Muka tafi wata Asabar. An ce akwai guguwa can nesa a tsakiyar teku, ba za ta iso ba, amma ta turo manyan igiyoyi, kuma wai abin da suke so ke nan. Rana na nan tarwai, ba ko iska, amma ƙarar ruwan tun daga inda muka ajiye mota nake jin ta a ƙirjina. Wannan ne zuwan mijina na farko. Ya tsaya a kan yashi ya ɗora hannu a goshi yana neman ɗaya gaɓar, bai gani ba. Ya ce a hankali, "Wannan ba ruwan da na sani ba ne."

Ta ɗaura igiyar allon a idon sawunta, ta ɗaga mana hannu, ta shige. Muna tsaye muna kallon waɗanda suka riga ta. Wani saurayi ya faɗi, allonsa ya yi sama ya juya cikinsa waje, igiyar da ke ƙafarsa ta fizgo shi ya dawo ya faɗo daidai inda kansa ya ɓullo. Wani ma ya faɗi, haka. Na juya na kalli mijina, na ga ya gane. Shi jirgi ya sani, wanda ba ya tashi sama ya dawo wa mai shi. Ya fara tafiya, ya koma gudu, ya shiga ruwan da takalminsa har gwiwa, yana ƙwala mata kira da sunanta. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Ta yi nisa, ruwan kuma ya fi shi murya.

Na ga lokacin da ta miƙe. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, ta gangaro kamar an zana ta, ta juya, ta sake juyawa. Sai igiyar ruwan ta rufe ta. Allon ya yi sama shi kaɗai, ya dawo. Na jira kanta ya fito. Da ya fito, kumfar da ke kewaye da ita ba fara ba ce.

Masu tsaron bakin ruwa ne suka fito da ita, ɗaya ya danne mata cinya da hannu biyu har motar asibiti ta zo. A asibitin likita ya ce da yankan da ƙegen ya yi mata ya ƙara matsawa ciki kaɗan, da ya sami babbar jijiya, kuma da ba su iso da ita ba. Muka zauna a benci muna jira a gama ɗinki, wandonsa na ta ɗigar da ruwa a ƙasa. Na tara maganganu masu zafi tun a hanya, na shirya su tsaf. Kafin in buɗe baki ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙegen nan gargaɗi yake yi mana. Ni kuma na rufe masa baki." Sai na kama hannunsa na riƙe.

Can wata ma'aikaciya ta fito ta ce an gama, ta farka, kuma tana da tambaya. Muka miƙe tare. Ta ce yarinyar na son ta sani ko an ɗauko mata allonta daga bakin ruwa.