Ranar da na riƙe wa kwamfuta wuta

Ƴata ta fari, wadda bakina ba ya kama sunanta, tana da ɗan shago a Magama kusa da shingen iyaka. Direbobin manyan motoci take buga wa takardun kaya, da ƴan makaranta masu cike-cike. Kwamfutar nan ita ce gonarta.

A daminar da nake ba da labari, sai kwamfutar ta tsiri mutuwa ana tsakar aiki. Mai gyara a Katsina ya gaya mata ta waya cewa babban allon da ke cikinta ne ke son a sabunta masa karatunsa, wanda ke tada ita kafin komai ya tashi. Da filash ake yi, ɗan abin nan kamar yatsa. To, ashe zanzaro ya riga mu, ya cika kafofin soka filash ɗin da laka, da ta ƙwaƙule kuma suka lalace. Dole sai dai a jawo karatun kai tsaye ta intanet.

A shago wayarta, wadda take jawo intanet da ita, ba ta zama wuri ɗaya, yanzu layin Najeriya, an jima ta tsallaka Nijar ba ko sallama. Don haka ta ɗauko kwamfutar a Keke Napep zuwa gida Jibiya, muka jona ta da batirin sola da nake sanyaya zoɓo.

"Inna," ta ce, "abin nan tuƙin tuwo ne. In an fara ba a tsayawa. Wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido, allon ya mutu ke nan."

Ni kuwa na san soket ɗina, kwance yake, ko kaza ta gifta sai ya saki. Na ce ta kawo. Na zauna kan tabarma na danne filogin da babban yatsa.

Ta danna. Wani ɗan layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfutar. Karatuna na yaƙi da jahilci bai kai ga Turancin ba, amma na gane layin nan shi ne ranmu.

Sai ƙauri ya taso daga madafa. Shinkafata ce.

"Inna, tukunyarki!"

"Ƙyale ta. Ke dai dubi gabanki."

Maƙwabciyata, Bamaraɗiya mai tsokana, ta leƙo neman zoɓo. Ta gan ni a durƙushe, hannu a bango.

"Hajiya, mi ya faru? Cajin kanki kika sa?"

"Ɗauki ki tafi, kak ki taka min waya."

Yatsana ya yi sanyi, kafaɗa ta ɗau zogi, ƙuda ya sauka a hancina na bar shi. Can fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, na motsa ban sani ba, na kashe wa yarinya sana'a. Na dubi ƴata.

"Kar ki saki, Inna. Mai gyara ya ce za ta yi haka."

Ban saki ba. Fankar ciki ta yi shiru, ta sake hurawa, sai ga haske, ga hoton jikana a fuskar yana dariya da haƙoransa biyu.

Ita ta ɓamɓare yatsana daga filogin, ta riƙe shi cikin tafinta tana murzawa, kamar yadda nake mata tana ƙarama in ta ƙone. Ranar ƙanzo muka ci da mai da yaji. Washegari ta aiko min da sabon soket.