Tsummokaran Ɗakin Haihuwa

Duk abin da zan manta a aikina na ungozoma, ban da ranar da aka zo duba sabon ɗakin haihuwarmu a wani ƙauye kusa da Geceme.

Tsohon ɗakin na kwano ne, da bazara kamar tanda. Sabon kuwa da tubalin ƙasa aka yi shi, ba katako, ba a sare itace ko ɗaya ba, ga ƙananan kafofi a sama don iska. An ce idan mai dubawa daga Yamai ta tabbatar ginin yana sanyi da kansa, za a ba mu takardar shaida, masu tallafi su sa mana wutar sola. Ni da na gaji da karɓar haihuwa da tocila a baki, ba abin da nake so kamar wutar nan.

Ashe kafofin nan suna fito idan iska ta kaɗa, tsofaffi kuma sun riga sun yanke hukunci. Ina kasuwar Kore Mairuwa suka yi aikinsu.

Washegari Madam mai dubawa ta iso, muka shiga ina ta cika baki. Zafi ya mare mu! Ta dubi na'urarta ta awon zafi, ta dube ni, ta ɗaga kai. Kowace kafa an toshe ta da tsumma. Wallahi kamar in nutse.

Ta sa sanda ta zaro na farko. Zanen surukata ne, duk garin an san shi.

"Inna, ke ma?" na ce.

"Ɗiyata, ɗakin da ka hito da rana tsaka, aljana Doguwa ta a ciki. Jikokina za a haihwa nan!"

Madam ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa wa tsofaffin tabarma, ta ce su zauna su tsare mana ɗakin, ta ci gaba da zare tsummokara. Iska ta ratso. Kafin ta gama awonta, Inna ta yi barci har da minshari, baki buɗe.

Da ta farka ta ce, "To, in ma tana nan, mai hankali ta."

Mun samu takardar, wuta ta zo. Sai dai tun ranar na gane laifin ba na Inna ba ne: an yi wa masu tallafi bayanin ginin, an yi wa hukuma, ba wanda ya yi wa matan da za su kwanta a ciki. Duk ginin da za a yi wa mutane, a fara zama da su tukuna.