Gudun Safiyar Asabar

Shekarar da na ɗauko mahaifina daga ƙauyenmu na gefen Ruma ta ƙasar Batsari, ba da son ransa na ɗauko shi ba. Ɓarayin daji sun shigo garin da rana tsaka a kan babura, suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna wuta, jama'a suka watse cikin dawa. Da abin ya lafa na je da mota na ce ya shirya mu tafi Katsina, inda nake koyarwa. Ya ɗauki butarsa da carbi da fartanya. Na ce fartanya kuma ta mece ce a birni, ya tura ta ƙarƙashin kujera kamar bai ji ni ba.

Ni ne ɗan farinsa, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, in a gaban mutane ne ya ce "wancan". Haka ake yi a wurinmu, ban taɓa jin zafin abin ba.

Zaman birni bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba wuni a duƙe cikin gona ya koma wuni a kan tabarma a zaure, daga masallaci sai tabarma. Ƙafafunsa suka kumbura, jiri ya fara ɗibarsa. Likita ya ce hawan jini ne da sukari, kuma magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa motsa jiki har ya yi gumi. Ya ja ni gefe ya ce in aka bar shi haka, wata rana ɓarin jikinsa zai shanye. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, ko a gaban allo nake sai ta faɗo mini.

Na fara da abu mai sauƙi, na ce ya riƙa zaga unguwa da safe. Ya ce shi bai iya tafiyar da babu inda za a je ba, in an tambaye shi ina zuwa me zai ce? Da ƙyar na shawo kansa. Bai daɗe da farawa ba 'yan sintiri suka tare shi, wai an ga wani baƙon tsoho yana yawo yana kallon gidajen mutane. Da ya ce shi mutumin Batsari ne sai abin ya ƙara ɓaci, don lokacin kowa maganar masu kai wa ɓarayi rahoto yake yi. Sai da limamin unguwa ya tsaya masa. Ranar na yi faɗa da 'yan sintirin, faɗan da har yau in na tuna raina yana ɓaci. Shi kuwa ya koma tabarmarsa.

Daga nan na shiga neman gidan motsa jiki. In na tashi daga makaranta sai in hau adaidaita in bi gari ina tambaya kamar mai cigiyar akuya. Na leƙa na wani otal, tun daga ƙofa na san ba namu ba ne. Wani kuma ashe na mata ne zalla, mai gadi ya koro ni kafin in gama sallama. Ƙarshe na samu wani a saman bene, kan jerin shaguna, na lallaɓa tsohon muka je. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya shiga yana bin samari ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, ina gajiya, ina iyali. Ba wanda ya amsa, kowa ya toshe kunne da waya, ga kiɗa kamar zai fasa bango. Ya tsaya ya daɗe yana kallon wani ƙato yana tafiya a kan inji, gumi sharkaf, ga shi kuma yana nan inda yake.

"Wanga bawan Allah ina za shi?" ya tambaye ni.

Na ce babu ko'ina, Baba, lafiya yake nema. Ya girgiza kai ya ce wannan gumin da a gona ya zuba shi da ya ci da gida. Ya je ya sa takalmansa.

Wani abokin aikina, mutumin Runka ta ƙasar Safana, shi ya ba ni labarin masu haɗuwa ranar Asabar da safe kusa da filin wasa. Ya ce akwai dattawa a ciki, 'yan fansho da masu sukari irin Baba, ba kiɗa, ba madubi, miƙe-miƙe ne kawai da 'yar tafiya. Na ji kamar an sauke mini kaya. Abin da bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne matasan cikinsu sukan fara da zaga gari a guje kafin a haɗu.

Da Asabar ta zo muka sauka daga adaidaita bayan gari ya waye, muna tafe a gefen titi. Sai ga su sun karyo kwana, taro guda, suna nufo mu a guje, ƙafafu na dukan kwalta, wani na hura usur. A Ruma ta waɗannan shekarun, in ka ga mutane suna gudu ba ka tsayawa tambaya. Kafin in buɗe baki ya damƙi hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, ya fizge ni muka faɗa cikin lambatu, ya danne kaina da ƙirjinsa. Sannan ya kira sunana. Sunana na yanka, har sau biyu, ya ce in kwanta kada in ɗaga kai.

Suka wuce ta samanmu. Wasu suka tsaya suna tambaya ko faɗuwa tsohon ya yi, wani ya miƙo ruwan gora. Na ji wata dariya daga baya, ban ga mai ita ba, Allah ya taimake shi. Baba ya tashi zaune cikin ƙazamin ruwa, hularsa a gefe. Ya kalli fararen takalmansu, ya kalli fuskokinsu, ya gane babu mai korar kowa. Ban taɓa jin tausayi da kunya sun haɗe mini wuri ɗaya irin na safiyar nan ba.

Muka koma gida. Sai da ya yi wanka ya canza riga ya ce, "Kai, ka maishe ni gida. In mutuwa ce, gara ta iske ni da hwartanya a hannu."

Na roƙe shi, na sa liman ya roƙe shi, har ƙannena mata suka yi ta kuka a waya. Da ruwan farko ya sauka na kai shi Batsari wurin ƙaninsa, fartanyar tana ƙarƙashin kujera inda ta zo. Daga can yake hawa babur da sassafe zuwa gonar da ya baro a ƙauye, ya dawo kafin la'asar. Duk daminar nan ban ci abinci da daɗi ba sai na kira na ji muryarsa. In wayar ta ƙi shiga, sai in fita tsakar gida in yi ta kai da kawowa.

Bayan an yanke gero ya zo ganin likita. Ya rame, ya yi baƙi, kumburin ƙafa ya saɓe. Likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya yi murmushi ya ce jini ya sauka, sukari ma haka. Ya juyo ya tambaye ni wane gidan motsa jiki na samo masa, don yana da tsofaffi da yawa da yake son turawa.

Na waiga. Baba ya riga ya miƙe yana gyara hula, yana cewa in yi sauri in kai shi tasha, motar Batsari ba ta bin hanyar in rana ta yi sanyi.